DAGA ZANGO ZUWA GIDA: YADDA HAUSAWAN GANA SUKA MALLAKI MUHALLI DA TATTALIN KUƊIN CEFANE

A 'yan shekarun nan da wuya a zauna a wata majalisa a Nima ko Aboabo ko Ashaiman a watse ba a ta da zancen fili ba. Wannan ya ce ya kama fuloti a bayan Kasowa, wancan ya ce ya ga wani tsohon gida a gefen Ejura, inda yake son ya koma ya yi noman masara idan ƙarfi ya fara ja baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san na shekara biyu ake nema a dunƙule. Magidancin da ya tara irin wannan kuɗi sau uku ko huɗu ya miƙa wa wani, dole wata rana ya zauna ya yi lissafi.

Wannan fita zuwa ƙauye da muke gani kamar sabon abu, tsohuwar hanya ce ta kakanninmu. Kusan kowane zango da muke tinƙaho da shi yau daji ne ko ƙauye a ranar da suka sauke kaya a cikinsa. Idan muka bi sawunsu za mu tarar cewa yawancin gidajen da suka bar mana da ƙananan kuɗi aka gina su, kuɗin da aka tsimi daga bakin murhu, kuma waɗanda suka suɓuce daga hannunsu yawanci rashin takarda ne ya ci su. Ya kamata mai shirin sayen gida a ƙauye ya san tarihin nan kafin ya kwance bakin jakarsa.

SALAGA: LOKACIN DA ƊAKI YAKE JARI

Kalmar zango da kanta tana faɗa mana yadda aka fara. Zango wuri ne da ayari ke sauka ya kwana, gari na wayewa a ɗaura wa jakuna kaya a yi gaba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina a ƙarni na 19, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ba zama ya kawo su ba. Madugu ne ke jan ayari wata da watanni, a kawo turkuɗi da kanwa da fatu da dabbobi, kuma kada mu ɓoye, har da bayi, a koma da goro. Tonawa, wato mutanen Asante, ba su yarda baƙon Arewa ya kutsa cikin kurmin da goro yake ba. A Salaga aka tsayar da shi, a can ake kawo masa goron.

To amma ayari na bukatar masauki, kuma daga nan ne wasu suka zauna. Su ne aka sani da masu gida. Maigida yana sauke fatake a gidansa, ya ciyar da su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya musu idan an ba da kaya bashi. Ba ya karɓar kuɗin kwana, daga la'adar ciniki yake samun nasa. Saboda haka yawan ɗakunan mutum shi ne girman jarinsa, kuma tukunyar matansa wani ɓangare ce na kasuwancinsa, domin baƙon da bai ƙoshi ba, baɗi wani gidan zai sauka. Wannan tsari ya yi ƙarko ƙwarai, har wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta tarar da shi yana aiki a kasuwar shanun Kumasi a shekarun 1960.

Kuɗin wancan zamani wuri ne, kuma daga jam'insa muka sami kalmar kuɗi. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda ci da sutura na shekara. Amma kafin ƙarnin ya ƙare, Turawan fatauci sun yi ta jibgo wuri daga gaɓar Afirka ta Gabas har darajarsa ta zube. Wanda ya binne tukunyar wuri ya tono ta ya tarar ba ta sayen rabin abin da take saye a da, wanda kuwa ya mai da nasa ɗaki ko saniya bai yi asara ba. Shi ne karo na farko da darajar kuɗi ta narke a hannun mutanenmu a wannan ƙasa, kuma za mu ga ya sake faruwa.

GORON SARKI

Ta yaya baƙo yake samun wurin gini? A Salaga wurin sarakunan Kpembe ake zuwa, a kai gaisuwa da goro, a nuna wa mutum inda zai kafa. A ƙasashen Kudu kuwa, inda ƙasa take ƙarƙashin kujerar sarauta, kwalbar abin sha da rago ake kaiwa. A fahimtar masu ƙasa, abin da aka karɓa gaisuwa ce, alamar baƙo ya san akwai mai wuri. Ƙasar kanta ta kakanni ce da jikokin da ba a haifa ba, sarki riƙo kawai yake yi. Baƙo yana da ikon zama da gini da gadar wa 'ya'yansa ginin, muddin bai yi musun ikon mai ƙasa ba. Yawancin rigingimun filin da muka gada daga nan suka samo tushe: mai bayarwa yana ganin aro ya ba da, jikan mai karɓa yana ganin kakansa saye ya yi.

Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Tonawa, goro ya fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa garin. Masu gida da malamai suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Gidajen Salaga suka zama kufai, domin ba a ɗaukar gida a ka. Abin da mutane suka tsira da shi shi ne sana'a da amana da sunan kirki, da su suka sake gini a wuraren da suka sauka.

Haka labarin yake a bakin teku. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako, ɗan Malam Naino Bakatsine, ya fita daga cunkoson tsohon zangon Akra ya karɓi fili a hannun sarakunan Ga, a wurin da a lokacin bayan gari ne, ya kafa Sabon Zango. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami wurin da ya zama Nima daga gidan Odoi Kwao, wuri ne na kiwon shanu. A 1959 aka kafa Madina a ƙasar mutanen La, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo. Kasowa kuwa sunanta ma namu ne, kasuwa ce ta gefen hanya da ta haɗiye sunan garin na asali. Duk waɗannan wurare sayen gida a ƙauye ne a zamaninsu, birni ne ya biyo su daga baya.

A irin waɗannan zangogi shugaba ɗaya ne ke karɓar ƙasa a dunƙule, sannan ya yanka wa masu zuwa. Idan akwai takarda, tana hannunsa. Na ƙasa da shi ba su da komai sai shaidu da fatiha. Muddin dattawan da suka shaida suna raye, ba a samun matsala. Ranar da suka ƙare, fili kuma ya yi daraja, sai magana ta canza.

ZANGON ƘAUYE DA GINI ƊAKI-ƊAKI

Noman koko, wanda Tetteh Quarshie ya dasa a Mampong ta Akuapem a 1879, shi ya buɗe ƙauyukan kurmi ga baƙi. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai wannan fitar da koko a duniya. Masu gonaki suka bukaci hannu, mutanen Arewa suka kwararo. Aka sami tsarin abusa, inda mai kula da gona yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani, da tsarin abunu, inda ake rabawa biyu. Mosawa da Zabarmawa da sauran 'yan'uwanmu na zango sun fi yawa a aikin gonar. Bahaushe ya fi karkata ga abin da ya gada: fawa, dillancin shanu, cinikin goro, wanzanci, ɗinki da malanta. Ta haka kusan kowane ƙauyen koko ya sami ɗan zangonsa a gefe, da masallacin jar ƙasa da rumfar mahauta.

Kuɗi a ƙauyen koko sau ɗaya suke zuwa da ƙarfi, daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara. Sauran watanni bashi ne ke riƙe da gari. Mahauci ya ba da nama bashi, tela ya yi ɗinki bashi, a biya idan an auna koko. Wanda ya kashe rabonsa a watan da ya karɓa, kafin damina ta yi nisa sai ya kai ga jingina. Shi ya sa magidancin kirki, da kuɗi sun shigo, yake fara cika rumbu da masara ko dawa, ya sayi tunkiyar da za a kiwata domin layya, abin da ya saura ya zuba a gini.

Gini kuwa ba a yinsa rana ɗaya. Magina irin na Atakpame, waɗanda suka zo daga Togo, su ne suka shahara da ɗora bangon laka hawa-hawa, a bar kowane hawa ya bushe kafin a ɗora wani. A fara da ɗaki ɗaya a rufa da ciyawa, a shiga. Baɗi a sayi bandir ɗin kwano. Wata shekara a ƙara ɗaki a sa ɗan haya, kuɗin hayarsa su ta da na gaba, har ɗakuna su kewaye tsakar gida, a yi zaure a ƙofa. Da siminti ya yawaita sai dabarar ta sauya kama: tun da buhun siminti ba ya ajiyuwa, sai a buga bulo a jera a fili. Gine-ginen da muke gani ko'ina a ƙasar nan sun tsaya a iyakar taga, ciyawa ta fito a cikinsu, yawancinsu asusu ne na mutanen da suka fi amincewa da bulo a kan takardar kuɗi.

ABIN DA KE FARUWA A BAKIN MURHU

Idan ana ba da tarihin gidajen zango, sunan maigida ake kira. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ya tashi a zango ya san hannun da ya riƙe gidan. A shari'a da al'ada ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji, shi ke ba da kuɗin cefane kowace safiya. Dukiyar mace kuwa tata ce, miji ba shi da iko a kanta. Wannan rabuwar aljihu ita ta ba matan zango damar kafa sana'o'insu a cikin gida, kuma sana'o'in nan sun ciyar da ƙasa baki ɗaya. Yau babu garin da ba a shan kunun koko da ƙosai da safe, har sunan Hausa ake liƙa wa kokon. Shinkafa da wake ta zama waakye a bakin kowa, tuwon zafi ya shiga gidajen da ba su taɓa jin Hausa ba, ga masa da fura.

Lissafin a nan yake. Matar da ke dafa abincin sayarwa, daga tukunyar nan yaran gida suke karyawa, sau da yawa har da na rana. Kuɗin cefanen da miji ya bayar sai su isa, ko da a ce da su kaɗai aka dogara ba za su kai ba. Rarar da ta samu a aljihun miji ita ce ke zama bulo. Ribar matar kuma ba ta zama a banza: tana shiga kwanuka da tasoshi da zannuwa da 'yan kunnen zinariya, waɗanda ake tarawa domin kayan ɗakin 'ya mace, ana kuma iya sayar da su ranar da ciwo ko rashi ya zo ba shiri. Jeren kwanukan da ke ɗakin kakanninmu mata ado ne, kuma taska ce.

Sai adashi. Mata goma ko ashirin su riƙa zubi kowane mako a hannun uwar adashi, kowace ta kwasa idan layinta ya zo. Babu ruwa a ciki, saboda haka babu shakkar riba, kuma kunyar idon maƙwabta ta fi kowace takardar kotu sa mutum ya biya. A kasuwa kuma ga mai susu, wanda ke zagayawa kullum yana karɓar abin da aka ajiye yana sa alama a kati, ƙarshen wata ya mayar wa mutum kuɗinsa ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Kwasar adashi ɗaya ta sha zama kuɗin goron fili, ta biyu ta zama kwanon rufi. Gudummawar biki da suna ita ma wani irin adashi ce, domin abin da kika kai yau za a kawo miki gobe, ko da yake gasar da ta shiga cikinta ta sha cinye abin da aka tara domin gini.

Tsarin nan yana da farashinsa, kuma 'ya'ya mata ne suka fi biya. Yarinyar da ke ɗauke da tiren talla tun asuba ba ta zama a aji. Gidaje da yawa sun tashi a kan tallan yaran da ba su iya karanta takardar gidan ba, kuma wannan ya dawo ya cije mu a lokacin da takarda ta zama ita ce komai.

SHEKARUN DA GIDA YA SUƁUCE

An fara ganin alama tun a 1957, shekarar 'yancin kai, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya, duk da cewa sun ce su 'yan ƙasa ne. A tsakiyar shekarun 1960 kuma ruwan madatsar Akosombo ya shanye garuruwa, ciki har da tsohuwar Kete Krachi, aka tashi mutum wajen 80,000 aka zuba su a sababbin matsugunai 52.

Babbar girgiza ta zo ranar 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka fita sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa da sauransu. Da yawa a cikinsu a nan aka haife su, ba su san wata ƙasa ba, amma ba su da abin da za su nuna. Gidan da aka yi shekara ashirin ana ɗora masa ɗaki aka sayar da shi a kwana uku a kan abin da bai kai kuɗin kwanonsa ba. Wasu suka bar makulli a hannun maƙwabci da niyyar dawowa, ba su dawo ba. A shekarar da ta biyo aka yi dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, ta ƙara tsananta wa waɗanda suka rage.

Abin da ya faru ya raba tunanin mutanen zango gida biyu. Wasu suka ce ai dama baƙo raɓa ne, suka daina gyara inda suke zaune, duk abin da suka samu sai su aika a yi musu gini a garin kakanni, gidan da wataƙila ba za su kwana a cikinsa ba sai sun tsufa. Wasu kuma suka fahimci cewa zama ya riga ya zama, suka nemi takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, suka sa yara a makarantar boko, suka je aka auna musu filayensu. Idan muka duba gidajen zango da suka tsaya da ƙafafunsu a yau, za mu ga yawancinsu na kashi na biyun ne. A 1983 kuma, da Nijeriya ta kori baƙi, kimanin mutanen Gana miliyan ɗaya suka dawo, har da 'ya'yan zango da suka tafi neman kuɗin man fetur. Wanda ya bar ko da ɗaki ɗaya a nan ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa.

SIDI YA BI SAWUN WURI

A 1965 aka bar fam da sule aka koma sidi, kuma sunan sidi daga kalmar Akan ta wuri aka ɗauko shi. Kamar sunan ya bi shi. A watan Maris na 1979 gwamnatin soja ta canza takardun kuɗi, wanda ya kawo har sidi 5,000 aka zabge masa kashi 30 cikin ɗari, abin da ya haura haka aka zabge rabi. A 1982 aka janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da tsadar da ta haura kashi 100 cikin ɗari. Mutanenmu, waɗanda yawancinsu 'yan kasuwa ne masu ajiye kuɗi a gida, sun ji jiki ƙwarai. Zuwa 2007 sidi ya lalace har sai da aka mai da 10,000 ya zama ɗaya.

Bankunan karkara, waɗanda aka fara da na Agona Nyakrom a 1976, sun kawo sauƙi ga mutanen ƙauye, haka ma ajiyar kuɗi a waya da ta yaɗu daga 2009. Amma a watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347 a rana ɗaya, kuma a Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Dattijuwar da ta ƙi rabuwa da akuyoyinta da adashinta tana da hujja a tarihi. Sai dai ita ma ta san akuya na mutuwa, uwar adashi ma takan ci amana, shi ya sa ba ta taɓa zuba dukiyarta duka a wuri ɗaya ba.

ABIN DA MAI SAYE YAKE SAYE A YAU

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gana tana hannun sarakuna da dangogi, a Kudu ƙarƙashin kujera, a Arewa ƙarƙashin fatar sarauta ko masu ƙasa na gargajiya. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ƙasar kujera sayarwa ta har abada. Abin da ake ba ɗan ƙasa haya ce mai tsawo, yawanci ta shekara 99 idan ta gidan zama ce, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Kuɗin goron da a da gaisuwa ne yanzu ya kai farashin kasuwa, amma matsayinsa a doka bai canza ba, kuma bayan shi akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ma'ana, shekaru muke saye, kamar yadda kakanninmu suka karɓi izinin zama.

Takardar rabon fili da fadar sarki ke bayarwa matakin farko ce kawai. Bayanta akwai taswirar da safiyo mai lasisi zai zana, da takardar yarjejeniya mai sa hannun masu ikon bayarwa da shaidu, da bincike a Hukumar Filaye domin a tabbatar ba a riga an ba wani ba, sannan rajista. Idan filin na dangi ne, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba, sai shugaban dangi da manyansa sun yarda. Idan tsohon gida ne, a tambayi yadda mai sayarwa ya same shi, a kuma ji ta bakin sauran magada. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, da 'yan daban da ake sawa su tsare fili, sun addabi yankin Kasowa da kewayen Akra har dokar filaye ta 2020 ta mai da aikin 'yan daban laifi mai ɗauri. Wannan doka ta kuma ce dukiyar ƙasa da ma'aurata suka samu tare a zaman aure ba a sayar da ita sai da rubutaccen izinin ɗayan. Araha ba ta ado: fulotin da aka ce a kawo kuɗi yau-yau kafin wani ya riga, shi ne wanda ya fi bukatar a tsaya a bincika.

Akwai kuma lissafin da ba ya cikin kowace takarda. Gidan ƙauye yana rage haya, amma yana ƙara kuɗin mota, kuma wani wurin sai an sayi ruwa ko an haƙa rijiya. Uwa uba, matar da ke sayar da waakye a bakin titin Nima tana da masu saye ɗari kafin hantsi, a sabon wuri mai gida goma ba ta da su. Idan tukunyar sayarwa ta tsaya, nauyin ci gaba ɗaya ya koma kan kuɗin cefane, ginin ma sai ya tsaya. Kakanninmu ba su taɓa sauka inda babu kasuwa ko hanyar ayari ba, kuma sun san dalili. Haka nan ba su taɓa cin bashi mai ruwa domin su gama gida a shekara ɗaya ba, ba su kuma taɓa hatsin rumbu domin sayen kwano ba.

Daga ƙarshe sai gado. Gidajen zango nawa ne suka lalace saboda magada talatin sun mallaki ɗaki takwas, kowa na jiran wani ya gyara rufi? Musulunci ya fayyace rabon kowa, dokar ƙasa ta 1985 kuma ta ce wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, gidansa na matarsa ne da 'ya'yansa tare, ba tare da duba addininsa ba. Wanda ya sayi gida yau, ya rubuta sunan da ya dace a takarda, ya rubuta abin da matarsa ta zuba a ciki idan ta zuba, ya sanar da iyalinsa inda takardun suke, ya kuma nemi shawarar malami da lauya tun yana da lafiya.

Daga Salaga zuwa Kasowa shekara fiye da ɗari ke nan muna sauka a bayan gari muna mai da shi gari. Waɗanda suka riga mu sun yi haka da goron gaisuwa da kwasar adashi da tukunyar koko, abin da ya fi ba su wahala shi ne takarda. Mu da muka sami karatun da yawancinsu ba su samu ba, ba mu da uzurin barin wannan giɓi ga 'ya'yanmu. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da muke tarawa, ya ba kowane magidanci inda zai rufa wa iyalinsa asiri.